Ciwon Dasashi, Amosanin Gaɓoɓi da Awon Makarantu a Tasawa da Mayahi

Ya kai mai karatu, ko kana koyarwa a lakwal, ko kana riƙe da ajin yaƙi da jahilci a wani ƙauye na gundumar Tasawa ko ta Mayahi, ko kuwa kana cikin kwamitin kula da makaranta da ake kira COGES, akwai wata tambaya da ba ta cikin takardar da sufeto ke zuwa da ita. Takardar tana neman yawan yara, maza nawa mata nawa, tebura nawa suka karye, darasi nawa aka kammala. Ba ta tambayar yara nawa ne dasashinsu ke zubar da jini. Ni kaina na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin aikin ma'aikatan likita, wanda bai shafi mai alli ba. Abubuwa biyu da suka faru a shekarar 2023 ne suka sa na sake tunani: ɗaya a Janeba ta ƙasar Suwizalan, ɗaya a ɗakunan bincike na Amurka.

Cutar da ke somawa daga dasashi

Ranar 15 ga Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da cutar noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Najeriya ce ta gabatar da buƙatar a watan Janairu na wannan shekara, da sunan ƙasashe 32. Kada sunan ya rikita ka, ba shi da dangantaka da aikin gona. Kalma ce ta Girkanci mai ma'anar cinyewa. Mutanenmu suna da nasu sunaye. Wasu suna cewa ciwon iska, wasu ciwon daji, wasu zaizayar baki. Sunan ciwon iska shi ne mafi haɗari, domin yana karkata iyaye zuwa wajen mai turare da rubutu a daidai kwanakin da allura da ƙwayar magani za su iya tsayar da cutar.

Noma tana kama yara ƙanana, galibi daga shekara 2 zuwa 6. Farkonta ba ya tsoratar da kowa: dasashi ya yi ja, yana jini idan an taɓa. Daga nan sai gyambo ya fito a bakin haƙori, numfashin yaro ya yi ɗoyi, yawu ya riƙa dalala, yaro ya ƙi abinci saboda zafi. Bayan haka kunci ya kumbura ya yi tauri. Idan aka kai nan ba a yi komai ba, cikin 'yan kwanaki sai wani baƙin tabo ya bayyana a kuncin, naman ya mutu ya zube, har ƙashi ya fito. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 1998 ya nuna yara 140,000 ke kamuwa kowace shekara, kuma 9 cikin 10 suna rasuwa idan ba a yi musu magani ba. Waɗanda suka tsira sukan rayu da ramin fuska ko muƙamuƙi a ɗafe, cin abinci da magana su zama wahala, a ɓoye su a ɗaka.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan cuta. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan tana da cibiyar kula da masu noma a Damagaram tun 1992, kuma a Sakkwato akwai asibiti na musamman da aka buɗe a 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014. Ɗaya daga cikin manyan binciken da duniya ke dogara da su ma a jihar Damagaram aka yi shi. Daga 2001 zuwa 2006 masana daga Janeba sun gwama yara 82 masu noma da yara 327 na ƙauyukansu waɗanda ba su kamu ba, aka buga sakamakon a 2013. Ba su gano wata ƙwayar cuta guda da za a ɗora wa laifi ba. Abin da ya bambanta yaran da suka kamu shi ne tamowa mai tsanani, da zazzaɓi ko gudawa ko ciwon ƙirji a watanni ukun da suka gabata, da kasancewar uwa ta yi ciki da yawa. Wato ƙwayoyin da ke zaune a bakin kowa ne suke samun dama idan yunwa da jinya sun karya garkuwar jiki. Ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro suna cikin manyan masu share mata hanya.

Wanda ya ga shekarar 2005 a jihar Maradi ba ya buƙatar a faɗa masa cewa waɗannan sharuɗɗa duka suna nan. A waccan shekara MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jiharmu. Har yau, daga ƙarshen bazara zuwa fitowar sabon gero, rumbu yakan yi ƙasa a daidai lokacin da sauro ke ƙaruwa, kuma yaron da aka yaye domin uwarsa ta samu wani cikin shi ne a sahun gaba.

Abin baƙin ciki, kuma abin ƙarfafa guiwa, shi ne arhar maganin matakin farko. Wanke baki da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri ko da ruwan kurkure na kuloheksidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin da metronidazol bisa umarnin ma'aikacin lafiya, da abinci mai gina jiki. Duk waɗannan ana iya samun su a matakin CSI. Gyaran fuska kuwa, bayan nama ya zube, sai ƙwararrun likitocin tiyata da aiki fiye da sau ɗaya.

Daga baki zuwa gaɓoɓi

Ciwon dasashi bai tsaya ga yara ba. Na manya yana tafiya a hankali, shekara da shekaru, ba tare da zafi mai yawa ba. Dauɗa takan taru a gindin haƙori ta daskare, dasashi ya ja baya, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya zaizaye, haƙori ya soma girgiɗi har ya faɗi, sai a ce tsufa ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 1 ke fama da mai tsananinsa, wato wajen baligi 1 cikin 5.

A wani ajin mata da na taɓa ziyarta a arewacin Mayahi, na lura da wata uwa da ba ta iya riƙe alli da safe. Yatsunta na hannu biyu a kumbure suke, a sandare, sai rana ta ɗaga suke saki. Malamar ajin ta ɗauka rashin sabo da rubutu ne. Ita kuwa matar ta ce sanyi ne ya shige ta tun haihuwar ƙarshe. Da ta yi dariya na ga haƙoranta na ƙasa sun yi tsawo, dasashin ya janye. A lokacin ban haɗa abu biyun ba. Ban kuma ce yau na san cutarta ba, tunda ni ba likita ba ne. Amma masana sun daɗe suna lura cewa waɗannan cututtuka biyu suna son zama a jiki ɗaya.

Kalmar sanyi a bakinmu jaka ce da ake zuba kowane ciwon gaɓa a ciki, alhali iri-iri ne. Akwai zaizayewar guringuntsi saboda shekaru da aikin ƙarfi, irin na daka da ɗaukar ruwa. Akwai ciwon ƙashi na masu sikila. Akwai kuma amosanin da likitoci ke kira rumatoyid, wanda shi ne maganarmu: garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta yaƙi fatar da ke lulluɓe da gaɓoɓinsa. Yakan fara da ƙananan gaɓoɓin hannu da ƙafa, dama da hagu tare, da sandarewar safe mai daɗewa. A 2019 mutum miliyan 18 ke ɗauke da shi a duniya, kuma kashi 70 cikin 100 mata ne.

Ga yadda bincike ya bi sawun lamarin. A jinin akasarin masu wannan amosani akwai wasu makaman garkuwa da ke farautar furotin ɗin jiki wanda aka ɗan sauya masa siffa, sauyin da ake kira sitrulin. Ka ɗauka karen gida ne da ya ga maigidansa sanye da rigar ɓarawo, ya far masa. Waɗannan makamai sukan bayyana a jini shekaru kafin gaɓa ta fara ciwo, abin da ya nuna cewa rigimar a wani wuri take somawa. Masana suna zargin huhu, musamman na masu shan taba, da hanji, da kuma baki. Wata ƙwayar cutar dasashi mai suna Porphyromonas gingivalis tana da sinadarin da ke yin wannan sauyi da kanta. A 2016 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka nuna wata hanyar ta biyu. Akwai fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil, su ne dakarun da ke fara isa duk inda ƙwayar cuta ta shiga, kuma dasashi mai ciwo cike yake da su. Wata ƙwayar cutar baki tana fitar da dafin da ke huda jikin nutrofil, sai sinadaran cikinsa su ruɗe su sauya furotin masu ɗimbin yawa, irin waɗanda ake tararwa a ruwan gaɓar masu amosani. Kusan rabin masu amosanin da aka gwada suna da alamar sun taɓa haɗuwa da wannan dafi, alhali a cikin lafiyayyu wajen 1 cikin 10 ne.

Aikin da ya fi jan hankalina shi ne wanda masana na jami'o'in Stanford da Rockefeller suka buga a Fabrairu 2023. Sun bi wasu marasa lafiya 'yan kaɗan na tsawon lokaci, kowannensu yana ɗiban ɗigon jini daga yatsa duk mako. A jinin waɗanda ke da ciwon dasashi an riƙa ganin alamun ƙwayoyin baki suna kutsowa a kai a kai, tare da tashin wasu fararen ƙwayoyin jini masu hura kumburi, irin waɗanda ake gani lokacin da ciwon gaɓa ya motsa. Bugu da ƙari, su kansu ƙwayoyin bakin suna ɗauke da furotin mai waccan siffa, kuma makaman da ƙwayoyin B ke ƙerawa domin su suna kama furotin ɗin mutum ma. Ma'ana, dasashin da ke jini ƙofa ce a buɗe, duk lokacin da aka shigo ta cikinta sai an sake tayar da dakarun da ke cin gida.

A nan sai ka yi hattara, kada ka je aji ka ce goge baki yana warkar da sanyin ƙashi. An yi gwaje-gwaje inda aka kankare dasashin masu amosani aka ga ciwonsu ya yi sauƙi, amma mutanen da aka gwada ba su da yawa kuma ba a daɗe ana bin su ba. Mai amosanin rumatoyid yana buƙatar ganin likita da wuri, domin magunguna irin su metotireksat suna hana gaɓa lanƙwashewa idan an soma su kafin ɓarna ta auku. Ƙwayoyin kashe zafi da ake saya a tire ranar kasuwa suna kwantar da ciwo na ɗan lokaci, su bar gyambon ciki da ciwon ƙoda. Gyaran dasashi dai ba ya cutarwa, yana ceton haƙori, kuma akwai dalili mai ƙarfi na zaton yana rage wa gaɓa wuta.

Akwai wani ɗan'uwan wannan labari da ya fi kusa da ɗalibanka. Yaro mai shekara 5 zuwa 15 da ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, sannan bayan mako biyu ko uku guiwarsa ko idon sawunsa ya kumbura, ciwon yana tashi daga gaɓa zuwa gaɓa, a kai shi likita ba tare da jinkiri ba. Nan ma garkuwar jiki ce ta yi kuskure, kuma tana iya lalata marufan zuciya har abada. Penisilin a kan lokaci yana tare wannan.

Abin da muke aunawa

Yanzu mu dawo gidanmu. Shekaru goma sha da suka wuce sun koya mana cewa awo yana da ƙarfi. Lokacin da shirin PASEC, na taron ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya gwada ɗaliban ƙarshen firamare a ƙasashe 10 a 2014, Nijar ta zo a ƙarshe: kashi 8.5 cikin 100 ne kawai suka kai matakin da ake buƙata a karatu, a lissafi ma ba su kai 1 cikin 10 ba. Wannan lamba ta girgiza kowa. A Yuli 2017 ma'aikatar ilimin firamare, ƙarƙashin minista Daouda Mamadou Marthé, ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa duk da adawar ƙungiyoyin malamai, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku ne suka samu maki 10 cikin 20 ko fiye. Aka sallami wasu, aka mayar da wasu horo. A awon 2019, wanda ya haɗa ƙasashe 14, masu kai matakin karatu a Nijar sun kai kimanin kashi 30 cikin 100. Ana iya gardama kan abin da ya kawo wannan ci gaba, ni ma ina da ƙorafina game da yadda aka tafiyar da jarrabawar 2017 da irin kunyar da aka jawo wa mutanen da gwamnati ce ta ɗauke su ba tare da isasshen horo ba. Amma babu mai musun cewa abin da aka ƙidaya shi aka tashi aka gyara.

To, abin da ba a ƙidaya ba fa? Yaron da ya kwana da ciwon haƙori ba ya jin abin da kake faɗa. Yarinyar da bakinta ke wari ba za ta ɗaga hannu ta yi karatu da ƙarfi ba, tana tsoron dariyar 'yan aji. Wanda noma ta bar wa tabo sau da yawa ba a ma rubuta sunansa a lakwal. Duk waɗannan suna fitowa a sakamakon awo da sunan rashin ƙoƙari ko fashin zuwa aji, sai laifin ya faɗa kan malami ko kan iyaye.

Na san abin da za ka ce, domin ɗaliban makarantar horon malamai sun sha faɗa mini: aji ɗaya na zana da kara, yara sun yi yawa, albashi na jinkiri, yanzu kuma za a mai da mu likitocin haƙori? Kana da gaskiya a rabin maganar. An saba jibga wa malamin ƙauye kowane sabon shiri, daga rabon maganin tsutsar ciki zuwa ƙidayar jama'a, kuma ba na goyon bayan a ƙara wani dogon fom da za a cike domin a faranta wa mai ba da kuɗi. Akwai ma wata hujja da ta fi wannan nauyi: noma tana kama yaro tun kafin ya isa shiga aji. Idan ɗalibanka kaɗai za ka duba, ba za ka gan ta ba.

Amma ka tuna wa ke goyon wannan yaro da rana idan uwa ta tafi gona ko rijiya. Yayarsa ce, mai shekara tara ko goma, wadda ke zaune gabanka. Uwar kuma ita ce ɗalibar ajin yaƙi da jahilci da maraice. Likitocin haƙori a ƙasarmu kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. A ƙauyukan Urafan, Korgom, Maijirgi, Kanambakashe ko Sarkin Hausa, babu wata hukuma da ke ganin waɗannan mutane biyu kusan kullum in ban da makaranta.

Abin da ke hannunka

Ba sai an ƙirƙiri sabon darasi ba. A ajin manya, jimlar da za a koyi rubutawa tana iya zama game da dasashi, kamar yadda ta saba zama game da gero ko taki. Tun da dokar da aka kafa a Maris 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, babu sauran uzurin barin irin wannan ilimi a cikin ƙasidun Faransanci. Alamomi huɗu ne ya kamata kowace uwa da kowace yaya ta haddace: jinin dasashi, warin baki da ba a saba ji ba, dalalar yawu tare da ƙin abinci, da kumburin kunci. Ka koya musu ɗaga leɓen yaro da hannu mai tsabta su duba, sau ɗaya a mako, musamman yaron da aka yaye kwanan nan ko wanda ya tashi daga ƙyanda, zazzaɓi ko gudawa. Jini da wari, a tafi likita a cikin kwana ɗaya ko biyu. Kumburin kunci kuwa, a tafi a ranar, ko da dare ne. Kada a ƙona wurin, kada a tsaga, kada a shafa ruwan batir ko toka.

Game da tsabtar yau da kullum, ba ma buƙatar shigo da wata al'ada daga waje. Asuwaki yana cikin addininmu da tarbiyyarmu, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana cire dauɗar haƙori kamar buroshi idan an iya amfani da shi. Kuskuren da na fi gani shi ne a riƙa goge haƙoran gaba kaɗai ana tafe ana hira, a bar turame da gefen harshe, inda dauɗar ta fi taruwa. A bi kowane haƙori ciki da waje, daga dasashi zuwa tsini, a hankali, safe da dare, a yanke bakin asuwakin idan ya tsufa. Wanda ke da hali ya haɗa da man goge baki mai sinadarin fulorayid, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Mutane da yawa sukan daina goge wurin da ke jini don tsoro. Barin ne ke ƙara ciwon. Amma dauɗar da ta riga ta daskare, asuwaki ba ya cire ta, sai an kankare a asibiti. Taba kuma, ta sha ko ta leɓe, tana ɓata dasashi, hayaƙinta kuma yana cikin sanannun masu jawo amosanin rumatoyid.

Ga masu tsara awo, a matakin sufeto ko na gunduma, roƙona ƙarami ne. A rajistar fashin aji a ƙara gurbi guda na dalili, a rubuta ciwon baki, ciwon maƙogwaro ko ciwon gaɓa idan shi ne. A ƙarshen zango kwamitin COGES ya miƙa jimillar ga shugaban CSI mafi kusa. Cikin shekara ɗaya gundumomin biyu za su samu abin da ba su da shi yanzu, wato lamba ta kansu da za su iya ɗauka zuwa Maradi ko Yamai.

Saura batun kuɗi, wanda shi ke kashe shawarwari masu kyau. A 2006 gwamnati ta kafa tsarin jinya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, amma jinkirin biyan cibiyoyin lafiya ya sha jawo yankewar magani, kuma tsarin bai taɓa ɗaukar kuɗin mota ba. Daga garin Tasawa zuwa Damagaram kwalta ce, kilomita ɗari da 'yan kai. Daga ƙauyukan da ke bayan Gulbin Kaba kuwa sai an fara da amalanke ko kabu-kabu kafin a ga mota, kuma a watan Agusta, lokacin da cutar ta fi samun yara a raunane, maigida ba shi da ko jika biyu a aljihu. Idan kwamitinku ko asusun matan ajinku zai ware wani abu domin wannan tafiya, a tara shi da kaka, lokacin da wake da gyaɗa suka shigo, a damƙa shi ga mutum biyu da kowa ya san ƙofar gidansu.